Kwana Huɗu Muna Neman Hanyar Ruwa Tsakanin Roni da Babura

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano, gari bai gama wayewa ba. Mu huɗu ne a motar ofis: ni, da wani dattijon safiyo, wato mai awon ƙasa, da ya kusa ritaya, da injiniyan da zai tsaya kan gini idan an zo yi, sai direba. Bayan motar cike yake da na'urar awo mai ƙafa uku, da sandar awo, da jarkokin ruwa, da kwamfutata da na naɗe cikin zani don kada zafi ya kashe ta. Tsakiyar bazara ce, irin lokacin da tun kafin rana ta fito gumi yake bin bayan mutum. Da gajiyata na shiga motar, domin ƙaramar 'yata ta kwana biyu tana zazzaɓi, sai da na ga ta soma cin abinci sannan na miƙa ta gidan kakarta.

Da yawa daga cikinku kun sha tambayata wane irin aiki nake yi da kullum nake gaban kwamfuta. To, hanyar ruwan sama nake zanawa: idan ya sauka ina yake bi, ina yake taruwa, ina ya dace a tare shi da ɗan ƙaramin dam, ina ya dace a buɗe masa hanya ya wuce. Abin da muke dogara da shi wata taswira ce ta tudu da kwari wadda tauraron ɗan'adam ya auno daga sama, kyauta ake saukar da ita a intanet. An yanka ƙasa gida-gida kamar filin dara, kowane gida faɗinsa ya kai taku arba'in, kuma lamba ɗaya tak aka ba shi mai nuna tsayinsa. Kwamfuta sai ta bi lambobin nan, ta ce ruwan wannan gida wancan zai gangara, na wancan kuma gaba, har ta zana koramu da shuɗin layi. Wata uku na yi ina bin shuɗin layin nan a yankin Kazaure da kewaye, daga ƙarshe na fitar da wuri biyu da za a gina dam kafin damina, ɗaya a ƙasar Roni, ɗaya a ƙasar Babura. Shugabanmu ya ce mu je mu gani da ido, mu ɗauko hotuna, a cika takarda. Ya ƙara da cewa mu leƙa wani ƙauye a Gwiwa da suka aiko da wasiƙar koke, ko da yake taswira ba ta nuna komai a can ba.

Hanyar Dambatta lafiya lau take, sai dai shingaye da manyan motoci. A Dambatta muka tsaya karin kumallo, koko da ƙosai. Kokon ya yi daɗi, ƙosan ne dai ya ƙanƙance har safiyo ya ciro tabaransa ya ce bari ya tabbatar da abin da aka sayar masa. Direba kuwa tun daga nan ya fara kukan tsadar mai, bai daina ba har muka dawo.

Da hantsi muka shiga Kazaure. Duk wanda ya zo daga Kano zai ji idonsa ya huta a nan: duwatsu sun kewaye gari, ga ruwan dam kwance a gefe yana ƙyalli. Muka ajiye jakunkuna a wani masaukin baƙi inda fankar ɗakina ta zama ado kawai, don ban ga ta juya ba har na bar garin. Ba mu zauna ba muka kama hanyar Roni.

Gonaki duk a share suke, an jibge taki tsibi-tsibi ana jiran ruwa. Nan gero da dawa da gyaɗa ake nomawa, amma a wannan lokaci ba abin da za ka gani sai jar ƙasa da tushiyar kara da awaki suna kiwon abin da babu. Inda burji ya ƙare mota ta tsaya, muka hau mashinan acaɓa. Na rungume kwamfuta a ƙirji, safiyo ya saɓa ƙafafun na'urarsa a kafaɗa kamar maharbi, haka muka riƙa tsalle kan duwatsu har muka isa.

Wurin da na zaɓa wani matsattsen wuya ne tsakanin duwatsu biyu. Ina buɗe taswira na ga abin da ya faranta mini rai: busasshiyar korama tana kwance daidai inda shuɗin layina ya bi, kowane lanƙwasa nata yana nan. Muna cikin dubawa sai ga wani dattijo cikin farar shadda, tsohon ma'aikacin gwamnati ne mai lambun mangwaro can ƙasa da wurin. Bayan gaisuwa ya yi mana bayani cikin ladabi cewa mun yi kuskure, ruwan dutsen gabas ta gefen lambunsa yake bi, don haka can ya kamata a kai dam ɗin. Ya yi maganar da tabbaci har na fara shakka. Muka kafa na'ura muka auna, muka hau dutsen da ƙafa, gwiwoyina na ƙara. A sama muka tarar da wani doron fako da ya raba ruwan biyu, kuma mafi yawansa ta wuyan nan yake sauka, kamar yadda taswira ta nuna. Dattijon ya duba alƙaluman, ya yi murmushi ya ce shi ma sa'arsa ya gwada, ko dam ɗin zai zo kusa da lambunsa. Bai hana shi aiko mana da kwandon mangwaro ba.

Ni kuwa a hanyar komawa sai hura hanci nake, ina ce wa injiniya da ma an bar ni na zauna wajen 'yata. Safiyo ya gama shan mangwaronsa ya goge hannu.

"Hajiya, inda dutse yake ai ba a ɓatan hanyar ruwa," in ji shi. "Ki bari mu je inda ƙasa ta kwanta."

Washegari muka nufi Gwiwa. Kafin mu fita na samu waya daga gida cewa zazzaɓin yarinya ya sauka har tana rigimar a ba ta awara, na ji wani nauyi ya sauka daga kaina. Hanyar ta fi ta jiya nisa, rabi kwalta rabi rami. Mun isa ƙauyen da suka aiko wasiƙa rana ta take, mai unguwa ya haɗa mu da wanda ya rubuta ta, wani manomi mai suna Malam Dauda, siriri, gemunsa ya fara furfura. Bai yi murnar ganinmu ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce mu ne ayari na huɗu da suka zo da na'ura, sannan ya wuce gaba muka bi shi.

Ba mu yi tafiyar minti goma ba ƙasa ta tsage a gabanmu. Kwazazzabo ne, faɗinsa bai wuce taku goma ba, amma zurfinsa ya fi tsayin namiji ya ɗaga hannu. Saiwoyin itatuwa na lilo a jikinsa. Ya raba gonar Malam Dauda gida biyu, in zai je ɗaya ɓangaren da damina sai ya yi zagayen kusan awa guda. Rijiyar da ƙauyen ke sha kuwa, na ƙirga taku goma sha biyu tsakaninta da bakin ramin. Ya ce bara ta fi haka nisa sau biyu.

Na tsuguna a inuwar wata aduwa na buɗe kwamfuta. A taswirata wurin nan sumul yake kamar faranti. Dalilin ba wuya: gida ɗaya na taswira ya ninka faɗin kwazazzabon sau huɗu, lamba ɗayan nan da aka ba shi ta haɗiye ramin gaba ɗaya. Ban da haka, shekaru da yawa ke nan da tauraron ya yi awonsa. Na tambayi Malam Dauda yadda wurin yake a da, ya ce burtali ne na shanu, yana saurayi da keke yake bi ta ciki. Wato ko lokacin da aka auna, babu abin da za a gani.

Na juya masa fuskar kwamfutar, na yi masa bayanin me ya sa garinsu bai shiga jerin wuraren aiki ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya dube ni.

"To Hajiya, in ba ya cikin na'urarki, ki rubuta shi da hannu mana."

Haka muka yi. Muka gangara cikin ramin muka bi shi tun daga bakinsa har inda ya faro, ni ina ɗaukar matsayin kowane lanƙwasa da waya ina rubutawa a littafi, safiyo da injiniya suna auna zurfi da faɗi. Fiye da awa biyu muka yi a ciki. Iska ba ta shiga, yashi ya cika takalmi, gumi ya jiƙa mayafina har ya manne. Da muka fito wata Bafulatana ta dama mana fura da nono, furar da ɗuminta saboda rana, amma ban taɓa shan abin da ya kai ta daɗi ba. A hanyar dawowa motar ta kafe a yashi. Direba, wanda tun Kano yake yabon ƙarfinta, ya yi ta ba ta wuta tana ƙara nitsewa, sai da aka kawo shanun huɗa guda biyu suka fizge ta. Daga nan har Kazaure bai sake yabon mota ba, ya koma kan tsadar mai.

Rana ta uku muka kwashe kaya daga masauki muka bi ta Achilafiya zuwa Babura. A hankali duwatsu suka zauna a baya, ƙasa ta miƙe ta kwanta, fari fat da yashi, sai gawo da goruba jefi-jefi. Duk inda ka duba sama ce ta haɗu da ƙasa. Na riƙa leƙawa ta taga ina neman gangara ko ɗaya da ido zai iya kamawa, ban samu ba.

Babura gari ne na ciniki. Motocin hatsi na lodi, ga raguna da shanu ana kora, ga mutanen Nijar da rawunansu ana ta lissafin sefa da naira a baki ba tare da kowa ya ruɗe ba. Muka ci ɗanwake da mai da yaji a wata rumfa, mai abincin tana ta ba mu haƙuri wai rogo ya yi tsada shi ya sa ta rage yawansa. Daga nan muka ɗauki hanyar ƙauyen da zan gina wa dam, in ce wanda na ɗiga wa jan alƙalami a ofis.

Ashe labari ya riga mu isa. An share ƙofar gidan dagaci, an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun jeru. Dagacin mutum ne mai kamar shekara hamsin da 'yan kai, mai sanyin murya. Bayan an yi addu'a ya yi mana jawabi: da an gama girbi samarin garin suke watsewa cirani, sai tsofaffi da mata, in aka samu ruwan da zai kai rani, za a yi lambu, yara su zauna gida. Ya ce samarin har sun sassabe filin da kansu, wasu ma sun fasa tafiya bana don a yi aikin da su. Aka kawo ruwan sanyi na randa da soyayyun zabi. Na ci, ina jin daɗin yadda ake kallona kamar wadda ta zo da damina a jaka.

Sai muka fita ganin wurin. Filin yana arewa da gari, ɗan kwari ne mai faɗi wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa. A taswirata, tsakaninsa da gari akwai wani dogon tudu da ya miƙe daga gabas zuwa yamma, kuma saboda wannan tudun na zaɓi wurin: shi zai kare gidaje, in dam ya cika rarar ruwan ta bi yamma ta tafi daji. Na tsaya a tsakiyar filin na fuskanci gari ina neman tudun. Babu shi. Abin da ke wurin dogon layi ne na itatuwan darbejiya, manya, a cushe, waɗanda aka dasa tun da daɗewa don tare iska da yashi. Sun miƙe daga gabas zuwa yamma.

Tauraron ba ya bambance ƙasa da abin da ke kanta. Kan itatuwan ya auna ya ce tudu ne. Na san da wannan matsala, na karanta ta, har na koyar da ita ga sababbin ma'aikata. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa a wannan fili mai yashi akwai itatuwan da za su kai haka ba. Injiniya ya ce kada in tayar da hankalina, wataƙila akwai ɗan doro a ƙarƙashinsu. Safiyo dai ya fara kwance ƙafafun na'ura.

Lokacin azahar ya yi, maza suka tafi masallaci, ni kuma aka shiga da ni cikin gidan dagaci in yi salla in gaisa da mata. Ina alwala a tsakar gida idona ya sauka kan katanga. Akwai wani layi a jikinta daidai gwiwa, daga nan zuwa ƙasa yaɓen sabo ne, launinsa daban. Na duba ɗakin girki, haka. Rumbun hatsi an ɗora shi kan duwatsu masu tsayi fiye da yadda aka saba. A ɗakin da na yi salla, ƙafafun gado kan bulo suke.

Ɗakin na mahaifiyar dagaci ne, tsohuwa ƙwarai, kowa Iya yake ce mata. Da na idar na gaishe ta, na tambaye ta layin nan na mene ne. Matan da ke bakin ƙofa suka dubi juna, ɗaya ta tashi ta fita. Iya ta gyara zama ta gaya mini komai. Tun da aka ɗaga hanyar mota da ke yamma da gari, ruwan filin nan ya daina wucewa daji, domin kwalbatin da aka sa ƙarami ne kuma yashi ya toshe shi. In aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya taru, ya juyo ta ƙarƙashin darbejiya, ya shigo gari ta unguwarsu. Shekara uku a jere suna kwashe shi daga ɗaka. Bara katangar maƙwabta ta faɗi a kan awaki.

Na ce, "Iya, me ya sa ba wanda ya faɗa mana a waje?"

"An ce kada a faɗa, wai za ku ɗauke aikin ku kai wani gari," in ji ta. "Ni kuwa 'yar nan, na tsufa da kwasar ruwa da ƙwarya. In abin da za ku gina zai ƙaro shi, gara ku sani."

Na fito na sami safiyo na gaya masa a gefe. Muka fara awo daga tsakiyar filin zuwa ƙofar gidan farko. Ga wanda bai taɓa gani ba, aikin ba wuya gare shi sai cin rai: a kafa na'ura, a daidaita ta, mai sanda ya tsaya a baya a karanta, ya koma gaba a karanta, a rubuta, a tuge na'ura a ƙara gaba, a sake. Injiniya ne ya riƙe sanda, ni ina rubutu. Rana ta bugi yashi tana dawowa fuska, alƙaluman jikin sandar suna rawa a cikin madubi saboda zafi. Mutanen gari suka biyo mu a baya, ana ta raha har sai da suka ga fuskokinmu. Mun ratsa ta cikin darbejiyar, wurin da ya fi ko'ina sanyi a tafiyar nan, kuma ko ɗan doro babu a ƙarƙashinta.

Da la'asar sakaliya na haɗa lissafi. Bakin filin ya fi dokin ƙofar gidajen farko tsayi da kusan kamu ɗaya da rabi. Ido ba zai taɓa ganin wannan ba, taswirata ma ba za ta gani ba, don kuskurenta kaɗai ya ninka haka sau da yawa. Amma ruwa zai gani. Da mun tara ruwan damina guda a wurin nan, ranar da ya cika ba daji zai nufa ba.

Safiyo ya ce shi ba ya yanke hukunci da awo ɗaya. Muka kwana a Babura, ni a gidan wata malamar asibiti da aka haɗa ni da ita, wadda ta ba ni ruwan zafi na gasa ƙafafuna. Da sassafe muka koma muka sake awon tun daga farko, muka je muka dawo inda muka faro don mu tabbatar ba mu yi kuskure a hanya ba. Ina rubutu ina roƙon Allah ya sa jiya ne muka ɓata. Alƙaluman suka fito kamar na jiya.

Faɗa wa dagaci shi ne abu mafi wuya da na yi a tafiyar. Na roƙi a ba mu wuri, ni da safiyo da injiniya da shi kaɗai, muka zauna a zaurensa. Na ce masa ranka ya daɗe, kuskuren nawa ne, ni na zaɓi wurin ina zaune a Kano, kuma ba zan sa hannu a gina dam a nan ba. Na nuna masa alƙaluman, na zana masa a ƙasa da tsinke yadda ruwan zai bi. Na ce watakila akwai wani wurin da ya dace a kusa, amma sai an auna filin gaba ɗaya da ƙafa, kuma hakan ba zai yiwu kafin ruwa ya sauka ba.

Ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya tambaya ko wani ne ya gaya mini wani abu a cikin gida. Na ce na'ura ce ta nuna.

"Na san muryar na'urar," in ji shi, ya ɗan yi murmushi. Murmushin bai daɗe ba. "Hajiya, ni na hana a faɗa. Na ɗauka dam ɗin zai riƙe ruwan ne ya hana shi shigowa. Yanzu me zan ce wa yaran da suka fasa tafiya?"

Na ce zan rubuta maganar kwalbatin da ya toshe, don shi ne ciwon garin na yanzu, amma hanyar ba a hannun ofishinmu take ba, iyakarmu mu kai kuka. Ya ce ya gode da ban yi masa alkawari ba. Da za mu tafi aka sa mana ƙullin riɗi a mota. Na so in ce a bar shi, safiyo ya girgiza mini kai. Samarin da suka sassabe filin suna tsaye a gindin wata bishiya, wasu sun ɗaga mana hannu, wasu ba su ɗaga ba.

Sai da muka fito inda waya ke kamawa na kira shugabanmu. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce an riga an sanar da ɗan kwangila, an sa ranar kawo motocin haƙa, ya tambaya ko ba za a ɗan matsar da wurin kaɗan a ci gaba ba. Na ce a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ban san ina zan matsar da shi ba, kuma taswirar da zan tambaya ita ce ta kai ni inda nake. Daga ƙarshe ya ce in rubuta duk abin da na faɗa in sa sunana a ƙasa. Na ce to.

Ta hanyar Kunya muka dawo. Injiniya ya yi barci da baki buɗe, fuskarsa ta ƙone da rana, safiyo yana jan carbi. Ana kiran magariba muka shigo Kano cikin cunkoso da hayaƙi. Da na isa gida sai da aka taimaka mini na cire takalmi, ƙafafuna sun kumbura, kuma kwana biyu ina jin yashi a haƙorana.

Na rubuta rahoton, an yi zama a kansa har sau biyu. Dam ɗin Roni za a gina shi. Na Babura an dakatar sai an yi awon ƙasa bayan damina, an kuma aika takarda kan kwalbatin, ba a samu amsa ba tukuna. Kwazazzabon Gwiwa ya shiga jerin wuraren aiki, amma a ƙasan jerin, kuma ban san ko rijiyar za ta jira ba.

Abin da na koyo ba wai taswirar nan ƙarya take yi ba. A Roni ta fi wani ɗan gari sanin garinsa. Inda tudu tudu ne kwari kwari ne, za ka iya dogara da ita ka tsara aiki. Tana da amfani wajen nuna maka inda za ka fara dubawa a ƙasa mai faɗin da ƙafa ba za ta iya gamawa ba. Amma inda ƙasa ta kwanta, inda kamu ɗaya ke raba gidan da zai tsira da wanda zai rushe, ba ta da idon ganin wannan. Ba ta san kwalbati ba, ba ta san ramin da ya tsage bayan an auna ta ba, kuma ba ta shiga cikin gida ta ga katanga. Wannan sai an je, sai an auna, sai an tambayi wanda ruwan yake shiga ɗakinsa.

Jiya da na shiga ofis na sa aka fito mini da tsofaffin fayiloli. Shekara tara ke nan ina wannan aiki. Na ware wuraren da na zaɓa daga kan kujera ban taɓa taka su ba, na jera su a kan tebur. Guda bakwai ne, biyar a cikinsu an riga an gina. Na rubuta sunayen garuruwan a takarda, na kai wa safiyo na tambaye shi saura wata nawa ya yi ritaya. Ya ce huɗu. Ya karɓi takardar ya karanta, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce in nemo mana mota kafin ruwa ya sauka.